Kiɗan Faɗa, ga Hamdiya

Hamdiya, ja kujera, rage lasifikar.
Na ji abin da kika haɗa daren jiya,
ta bango na ji shi, ni da rabin Aboabo.
Ganguna goma, goge bakwai, algaita tana ihu,
kowa na magana, ba mai sauraro,
kamar Kejetiya ranar jajibere.
Ba a fara faɗa daga ƙarshensa.

Gobe da sassafe ki hau mota zuwa Suwame,
inda ƙarfe ke shan duka tun kafin shayi ya huce.
Nemi rumfar Baba Isaka mai guntun yatsa.
Gaishe shi, ki koma gefe ki ƙirga:
guduma biyu masu nauyi, ɗaya marar nauyi,
sai ya dakata ya juya ƙarfen.
Dakatawar nan na aike ki ki ɗauko.
A cikinta tsoro yake zama.

Fara da ganga ɗaya, mai kaurin murya,
ta yi tafiyar wanda ya hango rigima
amma bai fasa zuwa ba.
Sai ki sa mata 'yar kazagi a baya.
Amon kuma ya zama gajere,
abin da mai tallan ruwa za ta iya fito da shi
ba tare da ta sauke tire ba.

Na farko da na yi, wa wasu samari uku ne a Asawase,
wasan jarumi da kuraye.
Minti huɗu na zuba, har da sarewa mai kuka.
Na je kallon gwaji da sabuwar riga.
Ƙaramin cikinsu, Muntari, ko kallona bai yi ba,
ya kai babban yatsa ya kashe sautin,
ya ci gaba da wasa shiru.
Har yau ina jin wannan shirun.

Na manta takobi ma yana da baki,
kibiya tana da fito, garkuwa tana da tari.
Ki bar musu wuri a tabarma.

Ki kuma sani kiɗan nan zobe ne.
Yaron da ya ɓuya bayan kanti da wayar yayansa
zai mutu sau ashirin a hannun dodo ɗaya,
sau ashirin kiɗanki zai tashe shi.
In wutsiya ba ta kama kai daidai ba
kunnensa zai yi tuntuɓe a mahaɗar.
Kin ga yadda Inna ke naɗe bakin zane,
ki juya ciki da waje ba ki ga inda zare ya tsaya?
Haka.

Ƙananan abokan gaba, ba su kiɗan yau da gobe.
Ɓoye babbar ganga.
Kar ki yanka sa don baƙon da ruwa kawai zai sha.
Ranar da uban dodanni ya leƙo,
ɗauke komai na numfashi ɗaya,
sannan ki sake ta.
In jinin jarumi ya kusa ƙarewa, matse kiɗan,
in ya ci, ba shi daƙiƙa biyar na murna, sun isa.
Murna mai tsawo ba ta barin a danna gaba.

In kin gama, cire abin kunnen nan mai tsada,
saurara ta wayata mai fasasshen gilashi.
Da irinta za a ji ki.

Af. Wuta ta tafi.
Kin adana?

To. Share hawaye, ni ma an yi mini.
Ji ruwa ya fara sauka a kwanon rufi,
biyu masu nauyi, ɗaya marar nauyi.
Abin da ya tsaya miki a kai shi ne na ƙwarai,
saura dama kaya ne.
Ga tebur. Buga mu ji.